Ƙafafun gaba na Peugeot 504

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma masana'antar Kaduna ta daɗe tana haɗa ta, shi ya sa kayanta ba su ɓace daga kasuwa ba. Sai dai mai son tada tsohuwar 504, a ƙafafun gaba kuɗinsa da ransa suke rataye.

Amartisar biyu ake canjawa tare, ba a sa sabuwa gefe guda. Rasor kuwa iri-iri ne, domin injin gazuwal ya fi na esansi nauyi. Lambar shasi ce ke raba gardama, ba rantsuwar mai shago ba.

Roba ita ce mayaudariya. Salanbulok da ya shekara 30 cikin kwali, ko da tambarin kamfani gare shi, zafi ya riga ya busar da shi. Sabon ƙira ya fi. Rotil na hannu kuma ba abin saye ba ne, komai araharsa: in ya tsinke tsakanin Maraɗi da Damagaram, taya ce ke kwantawa ana cikin gudu.

Ba a ƙarasa matse ƙusoshin roba sai motar ta sauka bisa tayoyinta, sannan a kai ta paralelisim.