Kurkum ɗin Tailan da maganar ciwon daji



Makon jiya wata baiwar Allah ta shigo shagon maganin da nake aiki a nan Bauchi, ta ajiye mini kwalba a kan kanta. Kafso ne na kurkum, rubutun jikinsa na ƙasar Tailan. Ta WhatsApp ta saya wa mahaifiyarta, wadda wata huɗu ke nan tana jin ƙulli a nono. Mai sayarwa ya ce mata yana narkar da daji, ba sai an yi aiki ba. Tambayarta ɗaya ce: guda nawa Hajiya za ta riƙa sha a rana?

Ba zan ce muku kurkum aikin banza ba ne. Shi ne dai gangamau ɗin da kuke saye a kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Gwamnatin Tailan ta sa shi cikin jerin magungunanta, amma don kumburin ciki da rashin narkewar abinci. A wani gwaji da likitocin ƙasar suka wallafa a 2014, an raba mutum 367 masu ciwon gwiwa gida biyu, wasu aka ba su kurkum, wasu ibuprofen, na mako 4. Sauƙin da suka samu ya zo kusan ɗaya, kuma masu shan kurkum ba su yi kukan ciwon ciki kamar sauran ba. Ga ciwon gaɓoɓi, wannan labari ne mai daɗi.

Daji kuwa maganarsa daban. Gaskiya ne sinadarin da ke cikin kurkum yana kashe ƙwayoyin daji idan an zuba masa su a faranti a ɗakin bincike, kuma a nan 'yan talla suke fakewa. Sai dai jikin mutum ba faranti ba ne. Hanji kaɗan yake tsotsa, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta yi maza ta fitar da shi. Har yau babu gwaji a kan mutane da ya nuna ya warkar da daji. Maganin daji na iya fitowa daga tsiro, kamar allurar vincristine da aka samo daga wata fulawa 'yar asalin Madagaska, amma sai da aka shekara ana tace ta, ana auna adadin da zai yi aiki bai kashe majiyyaci ba.

Idan kuna shan warfarin, ku guji kafson kurkum, don yana iya ƙara zubar jini. Wanda aka haɗa da masoro kuma an samu waɗanda ya taɓa wa hanta. Na girki ba shi nake nufi ba. Lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya ma ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata huɗun nan. Ba kowane ƙulli ne daji ba, amma ba a ganewa sai an ɗebi ɗan nama an duba, kuma sankarar mama da aka tara da wuri ta fi jin magani nesa ba kusa ba. Na ce mata ranar Litinin ta kai Hajiya Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa, ta tafi da kwalbar ta nuna wa likita.