Mutuwar 'Ya'yan Kifi da Amanar da ke Cikin Ciniki

Kiwon tarwada a tankin siminti ko na tamfol ya zama sana'ar da matasa da 'yan fansho ke runguma a Gusau, Tsafe da Bunguɗu, sai dai kukan da aka fi ji daga bakin sababbin masu kiwo shi ne cewa 'ya'yan kifin da suka saya sun fara kifewa cikin makon farko, har aka wayi gari ana kwashe su da kwando. Akasari mai saye yakan ce an sayar masa da marasa lafiya, mai sayarwa ya ce ruwan gidan ne ba shi da kyau, daga bisani a rufe zancen da cewa haka Allah ya ƙaddara. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai taɓa ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya aikata ba, kuma mafi yawan wannan mutuwa sababinta sananne ne.

Kason farko na alhakin yana wuyan mai ƙyanƙyasa da dillali. 'Ya'yan kifin da aka cunkusa cikin jarka, aka biyo da su ta Funtuwa da Tsafe a tsakar rana, suna isowa a galabaice, musamman idan ba a hana su abinci kwana ɗaya kafin tafiyar ba, domin kashin da suke fitarwa yana tara amoniya, wato guba mai ƙona sashen numfashin da ke gefen kan kifi. Mafi muni shi ne sayar da tsumburarru, wato ragowar da ta kasa girma bayan an zaɓe na gari, ko kwashe tankin da cuta ta ɓulla a cikinsa a kai kasuwa kafin alamunta su fito fili. Irin wannan ha'inci ya shahara a cinikin kifin ado na teku, inda wasu masunta a Filifin da Indunisiya ke sumar da kifin da gubar sayanaid domin su kama shi da rai, ya isa shagunan Turai da Amurka da kyawun launinsa, sannan ya mutu a hannun wanda ya saya.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake karantarwa a zaurukan Zamfara, ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani a hajarsa, ya kuma ba mai saye zaɓin mayar da ita idan aibin ya bayyana bayan ciniki. Asalin hukuncin yana cikin hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya tura hannu cikin tulin abinci a kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma tsawatar wa mai shi kan ɓoye shi. Kasancewar kifi yana cikin ruwa, inda ido ba ya iya tantance lafiyarsa, ƙara nauyin amanar yake yi, tun da mai saye ba shi da madogara sai maganar mai sayarwa.

Kaso na biyu na mai saye ne, kuma gaggawa ce tushensa. Sabon tankin siminti da ba a jiƙa shi na makonni ana sauya ruwa ba yana sakin sinadarin da ke kashe kifi, ruwan famfo yana iya ɗauke da kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, juye kifi kai tsaye daga jarka zuwa ruwan da ɗuminsa ya bambanta kuwa yana girgiza jikinsa. Tarwada ta fi walwala a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, don haka sanyin hunturu na Disamba da Janairu yana rage mata ci da garkuwar jiki, yayin da zafin Afrilu ke rage iskar oksijin da ke cikin ruwa. Wanda ya haɗa sababbin kifi da tsofaffi ba tare da ya killace su na mako biyu ba, ko ya yi ta watsa abinci har ya ruɓe a ƙasan tanki, bai kamata ya ɗora laifinsa a kan dillali ba. Halittar da mutum ya tsare a wurin da ba ta iya neman ruwa ko abinci da kanta, haƙƙinta ya hau kansa, kamar yadda hadisin matar da ta ɗaure kyanwa ya nuna.

Abin da ya dace shi ne ciniki ya kasance da sharaɗi bayyananne, inda mai sayarwa zai faɗi yawan makonnin kifin da ranar da aka zaɓe su, ya kuma yarda da maye gurbin waɗanda suka mutu cikin kwanakin da aka yi ittifaƙi a kansu, shi kuma mai saye ya shirya ruwansa tun kafin ya biya kuɗi. Ilimin hakan yana samuwa wurin malaman gona da Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, kuma nemansa kafin a zuba jari ya fi arha a kan kwashe matattun kifi dubu.