KARATUN AKU BA ZAI KAI MU DIGIRI NA BIYU BA

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikatan gwamnati masu niyyar ƙaro ilimi, akwai wata cuta da ta daɗe tana cin mu, lokaci kuwa ya yi da za mu kira ta da sunanta. Cutar nan ita ce hadda ba fahimta. Babu inda take tona mana asiri kamar a jarrabawar nan biyu, GRE da GMAT, waɗanda jami'o'i da yawa na Amurka da wasu ƙasashe ke dubawa kafin su ɗauki mutum karatun digiri na biyu. An fara GRE a 1936, GMAT kuma a 1954 da wani suna daban. Da dala ake biyan kuɗinsu, kowa kuwa ya san abin da wannan ke nufi ga ɗan talaka.

A tsarin GMAT da aka fito da shi a 2023, sashen lissafi tambaya 21 ne cikin minti 45, ba kalkuleta. Ke nan kowace tambaya minti biyu da 'yan daƙiƙu take da shi. Wannan ƙarancin lokaci shi ne jarin masu sayar da darasi, waɗanda ke miƙa mana takardar ƙa'idoji su ce mu haddace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa tsoron lissafi ne da muka taso da shi tun daga sakandare.

Mu ɗauki tambayoyin rukunoni masu shiga juna. A ce ɗalibai 100 ne, 60 suna koyon Larabci, 45 Faransanci, 20 ba sa koyon ko ɗaya. Nawa ne ke koyon duka biyu? Wanda ya fahimta zai fara cire 20 ɗin nan, saura 80. In ya haɗa 60 da 45 zai sami 105. Yaya mutum 80 suka zama 105? Domin an ƙirga waɗansu sau biyu, sau ɗaya a ajin Larabci, sau ɗaya a na Faransanci. Rarar nan ta 25 su ne masu koyon duka biyu. Ina abin haddacewa a nan? Duk sirrin shi ne a ƙirga kowane mutum sau ɗaya tak.

Inda mai hadda ke faɗawa rami shi ne in rukunonin sun kai uku. A ce manoma 80 ne: 42 suna noma gero, 33 dawa, 30 gyaɗa, 5 suna noma duka ukun, 10 ba sa noma ko ɗaya daga ciki. Nawa ne ke noma iri biyu kacal? A cire 10, saura 70. Jimlar rukunonin uku 105 ce, rara 35 ke nan. Mai noma iri biyu an ƙirga shi sau biyu, rararsa ɗaya. Mai noma iri uku an ƙirga shi sau uku, rararsa biyu, don haka mutum 5 ɗin nan sun kawo 10. A cire 10 daga 35, amsa 25.

To, littattafan shiri suna ba da ƙa'ida biyu masu kama da juna kamar tagwaye. A ɗaya ana cire masu iri uku sau biyu, a ɗayar kuma ƙara su ake yi sau ɗaya, domin ita tana ƙirga mahaɗar kowane rukuni biyu har da masu iri uku a ciki. Wanda ya ɗauko ta biyu a nan zai sami 40, ya kuwa tashi yana murna. Bambancin "biyu kacal" da "aƙalla biyu" ne ya kayar da shi, ƙa'idar da ya haddace kuwa ba ta da bakin da za ta gargaɗe shi.

Za a ce mana ai lokaci bai isa a yi zane ba. Wannan magana ba ta da tushe. Da'irorin da John Venn na Jami'ar Kambirij ya gabatar a 1880 ba sa cin daƙiƙa goma. A zana su, a fara cika tsakiya inda duka suka haɗu, sannan a fito waje. Gani ya kori ji.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta shirya zaman bita kyauta, 'yan sashen lissafi su koyar da 'yan'uwansu na shari'a da tattalin arziki da mulki. Kada a rubuta wata ƙa'ida a allo sai an nuna inda ta fito. Wannan ya wuce maganar jarrabawa. Ma'aikacin da bai san an ƙirga mutum sau biyu a takarda ba, gobe shi ne zai rubuta suna ɗaya a jerin albashi biyu, ko ya raba taki ga manomi guda sau uku alhali maƙwabcinsa na tsaye hannu rabbana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.