Jarrabawa da Kwamfuta: Amfanin Jama'a Ko Hakkin Ɗalibi?

Ran 14 ga watan Mayu, 2025 ne Magatakardan Hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami kuskure a na'urorin da suka sarrafa jarrabawar shiga jami'a ta shekarar. Ɗalibai 379,997 abin ya shafa, a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas.

Masana ɗa'a suna da ma'aunai na gane aikin da ke daidai. Na farko shi ne na Jeremy Bentham da John Stuart Mill na Ingila, watau aiki nagari shi ne wanda ya amfani mafi yawan jama'a. Da wannan ma'auni ake kāre shawarar da Hukumar ta yanke ta mai da jarrabawar kan kwamfuta ɗungum a 2015: satar takardun tambayoyi ta yi wuya, sakamako kuma yana fitowa da wuri.

Amma Immanuel Kant na Jamus bai yarda a tsaya nan ba. A wurinsa kowane mutum yana da darajar kansa, ba a sadaukar da shi don daɗin saura. Yaron da aka tauye wa maki ba zai ƙoshi da labarin cewa tsarin ya yi wa wasu miliyan ɗaya da rabi aiki ba. Shekararsa ce za ta tafi, da kuɗin da uwayensa suka tara. Har wa yau, sai da uwaye da ɗalibai suka yi ta kuka kafin a bincika, sa'an nan aka fara sake jarrabawar ran 16 ga wata, kwana biyu kacal bayan sanarwa. Balle ɗan ƙauyen da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa.

Ma'auni na uku, na Aristotle, halin mai aikin yake dubawa. A nan Magatakarda ya cancanci yabo, domin ba kasafai babban ma'aikaci yakan ɗauki laifi a bainar jama'a ba. Sai dai hali na mutum ɗaya ne, ranar da ya bar kujera da shi zai tafi.

A ganinmu ma'aunin Kant ne aka fi yi wa sakaci. Ya kamata doka ta ba kowane ɗalibi ikon ganin amsoshin da na'ura ta rubuta da sunansa, da kuma wa'adin ɗaukaka ƙara kafin jami'o'i su fara ɗiba.