Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Malamin Firamare da Sababbin Rumbunan Bincike na Jami'a

A lokacin dogon hutun da ya gabata, mu da muke ƙaro karatun digiri na wucin gadi a jami'ar da ke kusa da mu, an tara mu a sashen kwamfuta na ɗakin karatu domin a nuna mana sababbin rumbunan bincike da jami'ar ta samu damar shiga. Yawancinmu mun haura shekara arba'in, kuma rabonmu da zama a laburare tun muna kwalejin ilimi, zamanin da ake jan akwatin kati ana neman lambar littafi, a je kanta a tarar wani ya riga ya are shi. A wannan ranar, ma'aikaciyar da ke koya mana ta ce kowa ya rubuta abin da ya fi damunsa a aji. Wata abokiyar aikinmu mai koyar da aji biyu ta rubuta matsalar yaran da ke iya rera baƙaƙe da wasula amma su kasa haɗa su su karanta kalma. Kafin ta ɗauke hannu, maƙalu sun cika fuskar kwamfutar, wasu daga Kenya, wasu daga Indiya, wasu kuma daga jihohin da ke maƙwabtaka da mu. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ashe abin da ta shekara goma sha biyar tana fama da shi ita kaɗai, wasu sun daɗe da yin nazari a kansa.

Murnarmu ba ta je ko'ina ba. Da muka tambaya ko za mu ci gaba da shiga bayan mun kammala, aka ce mana damar tana tafiya ne da katin ɗalibta. Ranar da katin ya daina aiki, ƙofar ta rufe. Wato malamin da zai koma aji ya yi amfani da abin da ya karanta, shi ne za a fara yankewa. Wannan shi ne dalilin rubutun nan, kuma muna ganin magana ce da ta cancanci zama a teburin reshenmu.

Ya kamata mu fara fahimtar abin da ake nufi da rumbun bincike, domin da yawa daga cikinmu sun ɗauka duk abin da ke intanet ɗaya ne. Rumbun bincike ma'ajiya ce ta mujallun ilimi da littattafai da kundayen digiri, an tsara su ta yadda za a nemo su da sunan marubuci ko maudu'i ko shekara. Yawancin maƙalun da ke ciki sai da masana fannin suka tantance su kafin a buga. Wasu rumbunan na kamfanoni ne, irin su EBSCO, ana biyan kuɗi duk shekara da dalar Amurka, abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wasu an sassauta wa ƙasashe masu tasowa: shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara a 2002, AGORA na fannin noma a 2003, OARE na muhalli a 2006, kuma yanzu duk suna ƙarƙashin inuwar Research4Life. Rumbun JSTOR kuwa a 2006 ya yafe wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga. A gida Nijeriya, asusun TETFund ya ƙaddamar da dandalin TERAS a 2023 domin ɗalibai da malaman jami'o'i, kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati. Duk waɗannan ci gaba ne, kuma muna taya manyan makarantunmu murna. Abin lura shi ne dukkansu cibiya ake bai wa izini, kuma makarantar firamare ba ta cikin cibiyoyin da ake lissafawa.

Akwai tarihin da ya kamata 'yan ƙungiya su tuna a nan. Asusun da ake kira TETFund a yau ya samo asali ne daga harajin ilimi da aka kafa a 1993, bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU a 1992. A tsarinsa na farko, firamare da sakandare suna da kaso a ciki. Dokar 2011 ce ta keɓe shi ga manyan makarantu kaɗai, bisa la'akari da cewa ilimin matakin farko yana da hukumar UBEC wadda dokar 2004 ta kafa. Darasi biyu ne a wannan tarihi. Na farko, rumbunan da muke leƙe ta taga, da dukiyar jama'a aka saye su. Na biyu, ƙungiyar ƙwadago ce ta nemi a yi asusun har aka yi shi. Abin da ƙungiya ta samo jiya, wata ƙungiyar tana iya neman a faɗaɗa amfaninsa yau.

Mun san abin da wasu 'yan'uwanmu za su ce, domin mun riga mun ji shi a ɗakin malamai. Za su ce mutumin da ke jiran ƙarin girma shekara da shekaru, wanda ke sayen alli da kuɗin aljihunsa, wanda yaransa ke zaune a ƙasa ƙarƙashin rufin da ke yoyo, ina shi ina mujallar bincike? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu ce a ajiye gwagwarmayar albashi da fansho da mafi ƙarancin albashi a koma karatu ba. Sai dai mu duba yadda ake yanke hukunci a kan aikinmu. A ƙarshen 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A ƙarshen 2025 Ministan Ilimi ya sanar da janye ta da komawa ga Turanci. Kowane ɓangare ya ce yana da hujjar bincike. Mu da za mu tsaya gaban allo mu aiwatar, nawa ne a cikinmu suka taɓa karanta rahoton gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba? Nawa ne suka ga sakamakon shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato, ko a Katsina da Zamfara? Ko wane ra'ayi mutum yake da shi a kan batun, malamin da bai ga hujja ba sai dai ya karɓi umarni yau, ya karɓi kishiyarsa gobe. Ƙungiyar da ta shiga zauren tattaunawa da takarda a hannu ta fi wadda ta shiga da ƙorafi kaɗai samun kunnen saurare.

Akwai kuma wani bashi da ba a cika ambata ba. Babu zangon karatun da zai wuce ba mu karɓi baƙi daga manyan makarantu ba, ɗauke da wasiƙar gabatarwa da takardun tambayoyi. Mu ba su kujera, mu cike takardunsu a lokacin tara, mu tara musu yara su gwada, wani lokaci mu fassara musu tambayoyin zuwa Hausa. Su yi godiya su tafi. A shekarun da muka yi muna wannan aiki, da wuya mu tuna wanda ya dawo ya ce ga abin da na gano a ajinku. Kundin yana can a kanta, ko a rumbun jami'a, da sunan ƙaramar hukumarmu a bangonsa da shawarwari ga malamai a babinsa na ƙarshe, malaman kuwa ba su taɓa ganinsa ba. Ba muna zargin ɗaliban ba ne, domin mu ma da muka rubuta namu kundin haka muka yi. Tsarin ne bai tanadi hanyar dawowa ba, kuma gyara shi ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba duka ƙofofin ne a kulle ba, wasu a buɗe suke ba mu tura ba. Rumbun ERIC, wanda ya keɓanta da harkar ilimi kuma gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyinsa tun 1966, kowa na iya bincike a cikinsa kyauta, kuma ana sauke da yawa daga cikin takardunsa. DOAJ jeri ne na mujallun da ba a biyan kuɗi kafin a karanta su. AJOL, wanda ya fara a 1998, yana tattara mujallun Afirka, kuma na Nijeriya suna da yawa a ciki. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbunta mai suna Kubanni, inda ake samun kundayen digiri na biyu da na uku. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda malaman Hausa suka daɗe suna jin sunansa ba su riƙe shi ba, yanzu ana duba shi a intanet. Wayar da muke kallon bidiyo da ita a Facebook, ita ce dai za ta buɗe waɗannan. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Idan muka nemi a buɗe mana na kuɗi alhali ba mu taɓa na kyauta ba, hujjarmu za ta yi rauni.

Matsalar ita ce yawancinmu ba a koya mana tonon ba. A kwalejin ilimi an koya mana tsara darasi da dabarun koyarwa da halayyar yara, amma a zamaninmu ba a koya mana yadda ake zaɓen kalmomin nema ba, ko yadda ake bambance mujallar kirki da wadda ke buga duk abin da aka biya ta, ko yadda ake karanta taƙaitaccen bayanin maƙala a gane ko ta dace da aji mai yara ɗari. Binciken da aka yi a aji mai yara ashirin, kowanne da littafinsa, ba lallai ya yi aiki a wurinmu ba, domin idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ga kuma Turancin maƙalun, wanda yakan gajiyar da mai digiri ma. Waɗannan su ne ainihin shingayen, kuma ma'aikatan laburare an horar da su ne musamman domin su taimaka a tsallake su.

Saboda haka muna gabatar wa shugabannin reshe da shawarwari huɗu. Na farko, reshe ya rubuta wa shugabannin ɗakunan karatu na jami'a da kwalejin ilimi da ke yankinmu, ya nemi a bai wa malaman da ke da rajistar TRCN katin mai karatu daga waje, kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Da yawa daga cikin yarjejeniyoyin da ake ƙullawa da kamfanonin mujallu sun yarda baƙon da ya shigo laburare da ƙafarsa ya yi amfani da kwamfutar da ke ciki, ko da ba a ba shi damar shiga daga gida ba. Ranar Asabar da lokutan hutu sun ishe mu. Na biyu, a nemi horo na yini ɗaya a kowane dogon hutu, malami biyu daga kowace makaranta, su koma su koya wa saura. Na uku, reshe ya nemi sakataren ilimi ya sa sharaɗi a kan duk mai neman izinin bincike a makarantunmu, cewa zai kawo taƙaitaccen sakamakonsa shafi biyu, da Hausa da Turanci, a ajiye a ofishin hedimasta. Na huɗu, wannan mujalla tamu ta ware shafi guda a kowace fitowa, inda ɗaya daga cikinmu zai karanta bincike ɗaya ya bayyana shi da Hausar da kowa zai gane, ya faɗi abin da zai yiwu a ajinmu da wanda ba zai yiwu ba. Mu da muka halarci wancan horo mun ɗauki alkawarin fitowa uku na farko.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan'uwa. Kada wanda ke da lambar sirri ta ɗalibta ya riƙa yaɗa ta a zaurukan WhatsApp da sunan taimako. Kamfanonin suna lura da yadda ake sauke takardu, kuma sukan dakatar da jami'a gaba ɗaya idan suka ga an saɓa yarjejeniya. Hakan zai cutar da ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba, cikinsu har da 'ya'yanmu da ƙannenmu, ya kuma ɓata mana suna tun kafin mu kai buƙatarmu. Mu da muke hana yara satar amsa, ta ƙofa ya kamata mu shiga.

Babban ɗakin karatun Jami'ar Ahmadu Bello yana ɗauke da sunan Sir Kashim Ibrahim, wanda kafin ya zama Gwamnan Jihar Arewa malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina ya koyar a Borno. Duk farfesan da ke zaune a irin waɗannan ɗakuna yau, wani malamin firamare ne ya fara kama hannunsa ya nuna masa yadda ake riƙe fensir. Ba mu faɗi haka don gori ba. Mun faɗa ne domin jami'o'in da ke kukan cewa ɗaliban da ke zuwa musu ba su iya karatu da rubutu yadda ya kamata ba su san cewa gyaran yana farawa ne daga aji ɗaya, kuma wani ɓangare na kayan gyaran yana hannunsu. Abokiyar aikinmu ta aji biyu ta sauke maƙalu shida kafin katinta ya ƙare, tana gwada dabarar haɗa sauti da yaranta tun farkon zangon nan. Muna roƙon a sa wannan batu cikin ajandar taron reshe mai zuwa, kuma duk wanda ya yarda da shi ya zo ya ɗaga hannu.