Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Magana Kan Fim Ɗin Coco

Ƴan uwa ɗalibai, fim ɗin nan Coco ya raba mu gida biyu, kuma ni ban ga gidan da zan shiga ba. Ƴan gida na farko sun ce shirka ce zalla, matattu na yawo suna kaɗa gita, kar wanda ya bari ƙannensa su kalla. Ƴan gida na biyu sun kalla, sun sha kuka, sun liƙa hoton tsohuwar a WhatsApp, sun ce wallahi Meksiko akwai al'ada, shi ke nan sun wuce fim na gaba. Ni a ganina duka biyun lalaci ne. Fim ɗin yana ba da labarin ɓarawon waƙa, kuma kamfanin da ya yi shi saura ƙiris ya yi irin wagga sata ga mutanen da yake ba da labarinsu. Abin da ya hana shi, mutanen sun tashi tsaye. Wanga tashi nasu shi ya kamata mu riƙa tattaunawa in an zauna fada ana shayi, shi ne kuma ban taɓa jin wani ya ɗauko ba.

Ga wanda bai gani ba, ga labarin a taƙaice. Miguel yaro ne ɗan shekara 12 a wani garin ƙirƙira mai suna Santa Cecilia. Gidansu masu ɗinkin takalmi ne kaka da kakanni, kuma an haramta kiɗa a gidan, ko bakin kwalba ka busa sai an ƙwace ta. Dalili, kakan kakarsa ya ɗauki gita ya shiga duniya, ya bar matarsa Imelda da ƙaramar ɗiyarsu Coco, bai sake dawowa ba. A daren bikin tunawa da matattu, Miguel ya ɗauki gitar da ke rataye a kabarin shahararren mawaƙi Ernesto de la Cruz, sai ya tsinci kansa cikin matattu. Can ya gano Ernesto bai taɓa tsara waƙa ko ɗaya ba. Abokinsa Héctor ne mai tsarawa, kuma ranar da Héctor ya ce zai koma gida wurin iyalinsa, Ernesto ya zuba masa guba, ya ɗauke kundin waƙoƙinsa da gitarsa. Héctor ɗin nan shi ne kakan kakar Miguel. A ƙa'idar fim ɗin, mamaci yana mutuwa ta biyu ranar da ba sauran mai tuna shi a duniya, kuma ba wanda ya rage yana tuna Héctor sai Coco, wadda ta tsufa har hankalinta ya fara gushewa.

Bari in sallami ƴan gida na farko tukuna, don maganarsu gajera ce. Ba wanda ya ce ku yarda mamaci yana dawowa cin burodi. Galibinmu mun san abin da ke isa ga mamaci, addu'a ce da sadaka, kuma fim ɗin zane ba zai canja mana wannan ba. Amma ku ne fa kuke kwana gaban fim ɗin Indiya ana kunna fitila a gaban gunki, ba wanda ya ce imaninsa ya girgiza. Sanin yadda wasu mutane ke makokin nasu ilimi ne, kuma ɗalibin da ke tsoron sanin al'adar wasu ya zaɓi sana'ar da ba tasa ba.

Bikin kansa ya girmi sinima nesa ba kusa ba. Día de Muertos suke ce masa, ana yin sa ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, ranar farko ta yara da sunka rasu, ta biyu ta manya. Ya samo asali daga gamuwar al'adun mutanen ƙasar na asali da bukukuwan Katolika da Turawan Sipaniya sunka kawo a ƙarni na 16. Iyali suna share kabari, su jera wani teburi a gida da suke kira ofrenda, su ɗora hotunan nasu da sunka riga mu, da kyandir, da ruwa, da wani burodi na musamman, da abincin da mamacin yake so yana raye, da wani fure ruwan ɗorawa mai suna cempasúchil. A jihar Michoacán, wajen tafkin Pátzcuaro, mutane na kwana a maƙabarta har asuba. UNESCO ta sa bikin cikin jerin gadon al'adun duniya a 2008. Abin na iyali ne, kuma talaka ma yana yin nasa daidai ƙarfinsa.

To yanzu ƴan gida na biyu, ku share hawaye ku ji. A watan Mayu na 2013, lokacin ana cikin shirya fim ɗin, kamfanin Disney, wanda shi ke da Pixar, ya shigar da takardu a Amurka yana neman a yi masa rajistar sunan bikin a matsayin tambarin kasuwancinsa, don ya riƙa buga shi a kan kayan wasan yara da kayan ƙwalama da kayan ado. Ku tsaya ku auna. Sunan ranar da mutane miliyoyi ke tuna iyayensu, wani kamfani a California yana so ya zama nasa a takarda. Ku ɗauka wani ya je Paris ya yi rajistar kalmar Bianou ko Sharo, ya ce daga yau duk mai son buga ta a riga sai da izininsa.

Mutanen Meksiko da ƴan asalin Meksiko mazauna Amurka ba su tsaya kuka ba. Sun cika intanet da hayaniya, dubbai sun sa hannu a takardar ƙorafi. Wani mai zanen barkwanci, Lalo Alcaraz, ya zana ɓeran Disney ya zama ƙaton ƙwarangwal yana tattake gari, ya sa masa suna Muerto Mouse. Cikin ƴan kwanaki kamfanin ya janye takardunsa. Daga baya Pixar ta kira shi wanga Alcaraz da ya zage ta, tare da marubucin wasan kwaikwayo Octavio Solís da Marcela Davison Avilés, ta ce su zauna su riƙa duba aikin suna gyarawa. Adrian Molina, ɗan asalin Meksiko, ya zama mataimakin darakta Lee Unkrich. Aka ɗauki masu murya ƴan Latin Amurka, anka fara nuna fim ɗin a garin Morelia na Meksiko a Oktoba 2017, wata guda kafin ya fita a Amurka. Da yawa daga abin da kunka gani ya burge ku, yadda kaka ke cire silifa ta kori makaɗi, yadda ake tura wa yaro abinci ko ya ce ya ƙoshi, ya tsaya daidai ne don masu ɗaki sun samu kujera, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kujerar nan da faɗa sunka same ta.

Ku koma cikin fim ɗin ku duba wani abu. Waƙar da ta fi kowace shahara, wadda ta ci Oscar a 2018, Héctor ya tsara ta ne don ɗiyarsa kaɗai, yana rera mata a hankali a cikin ɗaki. Ernesto ya ɗauke ta ya kai dandali, da ƴan rawa da fitilu da kaya masu ƙyalli, ya cire sunan mai ita ya sa nasa. Kalmomin ba su canja ba, amma abin da uba ya raɗa wa ɗiyarsa ya koma haja. Ku gaya mini, mi ya raba wannan da ɗaukar sunan bikin iyali a buga shi a kan kwalin biskit? Fim ɗin ya tara sama da dalar Amurka miliyan 800, wato ya haura miliyar 400 na sefa. Kaso mai tsoka na wanga kuɗi asusun kamfani ya shiga. A wani ƙauyen Michoacán an yi wata tsohuwa da mutanen garin sunka dage ita ce anka kwaikwaya wajen zana Coco, ƴan yawon buɗe ido sunka riƙa tururuwa ƙofar gidanta suna ɗaukar hoto, darakta kuma ya ce bai zana kowa ba. Ko wa ke da gaskiya, an ga wanda ya sha bugu, an ga wanda ya karɓi kuɗi.

Akwai kuma abin da fim ɗin ya ƙara daga aljihunsa, ku kuwa kunka haɗiye a matsayin al'adar Meksiko. Dabbobin nan masu launi iri-iri da fukafukai da ke yi wa matattu jagora, alebrijes, sana'ar hannu ce da wani mutum mai suna Pedro Linares ya ƙirƙira da takarda a birnin Meksiko a 1936, daga baya masassaƙan Oaxaca sunka riƙa yin su da icce. Fim ɗin ne ya ba su aikin jagorar rayuka. Sa'an nan ku dubi lahirar da anka zana: akwai shingen bincike da ma'aikata da na'urar duba hoto, wanda ba shi da hoto a kan teburin kowa sai a mai da shi baya kamar wanda anka hana biza. Mai suna yana gidan sama yana liyafa, wanda anka manta yana unguwar bukkoki bakin ruwa. Wannan tunanin masu yin fim ne. In kuna ganin sinima ba ta da ƙarfin canja al'ada, ga misali: fim ɗin James Bond mai suna Spectre, na 2015, ya nuna wani gagarumin faretin ƙwarangwal a tsakiyar birnin Meksiko, alhali birnin bai da irin wanga fareti. A 2016 hukumomin birnin sunka shirya shi da gaske, saboda baƙi za su zo neman abin da sunka gani a allo.

Na san abin da wani zai ce: mutanen Meksiko da kansu sun so fim ɗin, har ya kafa tarihin ciniki a ƙasar lokacin da ya fita, to kai ɗan Nijar mi naka a ciki? Gaskiya ne sun so shi, ni ma na so shi, aikin yana da kyau kuma wurin da tsohuwar ta tuna ubanta yana taɓa zuciyar kowa. Amma son abu bai hana a tambayi wa ke riƙe da shi. Su sun so shi bayan sun ja wa mai yin sa kunne. Mu muna son sa ba tare da mun san an taɓa yin rigimar ba. Nawa a ciki kuwa, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Gidan su Miguel ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Gidaje nawa ne a Maraɗi ko Damagaram za su yi murna in ɗansu ya ce shi kiɗa zai yi? Muna sa kaset ɗin Shata a mota, muna rausayawa, amma maroƙi ya zo neman aure a ga yadda fuskoki za su canja. Gasar kiɗa ta ƙasa tana ɗauke da sunan Ɗan Gurmu na Tawa, amma a cikinmu mutum nawa ne zai iya kawo sunan waƙoƙinsa uku? Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya tafi har bakin tafkin Cadi ya zauna gaban tsoho Bukar Tar ya koyi kaɗa biram kafin kayan kiɗan ya bi mai shi kushewa, kuma duk inda ya je duniya yana faɗin sunan malaminsa. Wannan shi ne kishiyar Ernesto, a ƙasarmu, a zamaninmu. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aikinta shi ne tattara tarihin baka, ɗalibai nawa ne sunka taɓa leƙa ta? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da wani kamfani zai zo ya ɗauki kiɗan ƴan tauri ko labarin Sarauniya Mangu ya yi fim ɗin zane, ya sa wa sarauniyar fukafukai, ya sayar mana, da mi za mu ƙaryata shi in mu kanmu ba mu riƙe komi ba? Mutanen Meksiko sun iya cewa wannan ba haka yake ba domin kowace shekara suna yin abin da hannunsu.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba ya cin ko dala. Salular da kunka kalli fim ɗin da ita tana ɗaukar murya. In an tashi hutu, ku zauna gaban kaka ko gwaggo ko tsohon unguwa, ku tambaye su sunan iyayensu da kakanninsu, daga wane gari sunka taso, wace sana'a sunka yi, wace yunwa ta kore su, wace waƙa ake yi wajen daka ko wajen reno. Ku ɗauka, ku rubuta a kaye, ku sa sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. In kun yi amfani da waƙar wani, ku faɗi mai ita. Wanda ya kawo mana irin wanga aiki, shafi biyu ko uku, za mu yi masa wuri a ɗan littafin nan fitowa ta gaba. Ƴan gida na farko, wannan ba shirka a cikinsa, sada zumunci ne. Ƴan gida na biyu, tsohuwar da kunka yi wa kuka zane ce, taku tana gida kan tabarma, kuma ba ta da sauran lokaci mai yawa.