Digirin Kasuwanci a Ƙetare: Shirin Yana Farawa Daga Littafin Shago

Kowace shekara akan sami 'ya'yan 'yan kasuwa da dama waɗanda da zarar sun kammala bautar ƙasa sai su shiga cika takardun neman gurbi a manyan makarantun koyon kasuwanci na Amurka da Turai, domin samun digiri na biyu da ake kira MBA. Burin ba shi da aibu, amma garajen asarar kuɗi ne. Makarantu irin su Harvard da Wharton da INSEAD ba sabon ɗalibi suke nema ba, domin yawancin waɗanda suke ɗauka sun yi kimanin shekara 5 suna aiki.

A nan ne matashin da ya taso a gidan kasuwanci yake da wata dama da bai san darajarta ba. Wanda ya girma a Kantin Kwari ko kasuwar hatsi ta Dawanau ya san sari, ya san fiton kaya a Apapa, ya kuma san yadda ake karɓo bashi ba tare da an ɓata da abokin ciniki ba. Irin wannan sani malaman can suke so a aji, tun da darussansu an gina su ne a kan nazarin matsalolin kamfanoni na gaskiya. Sai dai kwamitin tantancewa ba ya karɓar hujjar cewa kowa ya san gidansu. Shaida yake so a rubuce: rajistar kamfani a hukumar CAC, lissafin shekara da akanta ya duba, takardar biyan haraji, da kuma wasiƙar yabo daga wanda ba mahaifi ko kawu ba. Attajirin da har yanzu yake riƙe lissafinsa a ka, ya sani cewa shekarun da ɗansa ya yi a shago ba za su shiga ƙirga ba.

Jarrabawar GMAT kuwa, wadda aka sauya wa tsari a 2023, awa 2 da minti 15 ake yi, makinta daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki har shekara 5. Don haka gara a rubuta ta tun lissafin makaranta bai gushe daga ƙwaƙwalwa ba.

Batun kuɗi shi ne babba. Shekara 2 a manyan makarantun Amurka, da kuɗin makaranta da na zama, sun haura dala 200,000. A watan Mayu na 2023 ana sayar da dala a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta wuce naira 1,500. Iyayen da suka yi tanadi da naira sun ga yadda tanadin ya zagwanye. Tallafin Chevening na Birtaniya yana nan, amma da sharaɗin shekara 2 na aiki kafin tafiya, da komowa gida na shekara 2 bayan kammalawa. Bugu da ƙari, tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu irin wannan digiri tafiya da iyalansu, abin da ya kamata magidanci ya auna tun kafin ya biya kafin alƙalami.

Ba lallai ne kuma aiki a ƙetare ya zama a Landan ko New York ba. Bankin Raya Afirka yana Abijan, Afreximbank yana Alƙahira, kuma an buɗe ciniki a ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a Janairun 2021. Mai neman aiki a waɗannan wurare, Faransanci zai yi masa rana ƙwarai. Yana iya koyonsa da yamma yayin da yake karatu a Lagos Business School, wadda aka kafa a 1991, ko a Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, ba tare da ya bar shagon ba.